Kafin Ka Sayi But a Katsina, Lissafa Sau Nawa Kake Cire Takalmi

Duk wanda zai sayi but, wato takalmi mai wuya da ke rufe idon sawu, don zirga-zirgar yau da kullum a garin nan, kafin ya tambayi kuɗi ina ba shi shawara ya zauna ya lissafa sau nawa yake cire takalmi daga asuba zuwa kwanciyar barci. Salla biyar ce, kowace da alwalarta, in ma da alwalar ka zo, to ƙofar masallaci na jiranka. Ga shiga zauren mutane, ga falon da aka shimfiɗa wa kafet, ga tabarmar majalisa da yamma, ga dattijon da ba za ka gaida shi da takalmi a ƙafa ba. Ranar da aka yi rasuwa ko ɗaurin aure a unguwa kuwa, lissafin ya ƙaru. Mutanen da suka zana takalman nan a Ingila da Amurka sun yi su ne don wanda zai ɗaure igiya da safe ya manta da ita sai dare. Bakatsine ba haka yininshi yake ba. Shi ya sa but ɗin da ya fi kyau a hoto yakan zama shi ne na farkon komawa ƙarƙashin gado.

Ni aikina haɗa sola ne, gidaje da shaguna da fanfunan burtsatse. Yinina rabi kan babur, rabi kan kwano ko cikin ɗakin batir. Daga Ƙofar Ƙaura nake fita, wata rana Batagarawa, wata rana Rimi ko Mani, in aiki ya yi kira har Daura. Ba don gayu na fara sa but ba. Wanda idon sawunshi ya taɓa shafar salansa da tsakar rana ba ya buƙatar bayani. Ga giya da ke cin saman ƙafar hagu, ga ƙusa da guntayen waya a wurin gini, ga ƙarangiya da tsidau in ka ratsa gona da kaka, ga faso da hunturu ke sakar wa diddige. Mai zaman shago ko ofis da ke sa fade ko silifas yana da gaskiyarshi, a watan Afrilu ma ya fi ni gaskiya. Maganata da wanda ya riga ya yanke shawarar sa but ne, ya rasa wanne zai ɗauka.

Bari in fara da wanda samari suka fi so, mai ruwan ƙwai ɗin nan irin na Timberland. Ɗan yayata da ya dawo daga bautar ƙasa, ƙafarshi ta saba da but, ya turo mani hotonshi ta waya. "Kawu, wannan fa? Ai shi ake yayi." Na ce mashi, "Yayi kam ana yi, amma ka san garin da aka yi shi dominshi?" A 1973 aka fito da shi, a jihar New Hampshire ta arewa maso gabashin Amurka, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa da sanyi. Leburori aka yi wa shi, masu yini cikin ruwa da laka. Dabarar da ta ɗaukaka shi ita ce an narka ƙasan an manne shi da fatar, babu hujin allurar da ruwa zai bi, sannan aka yi mashi shafi daga ciki don riƙe ɗumi. Sai a shekarun 1990 mawaƙan birnin New York suka maida shi kayan ado, daga nan ya bi bidiyo ya iso mamu.

To abin da ke hana ruwa shiga, shi ne ke hana gumi fita. Sa shi a bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ka hau babur daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Marusa, za ka ji ƙafarka na iyo. Ga nauyi. Ga ƙasanshi mai manyan haƙora da ke kwaso laka da tsakuwa ya kai su ƙofar ɗakin mutane. Uwa uba igiya, hawa-hawa har saman idon sawu. An tada iƙama, jama'a na ture ka suna wucewa, kai kana duƙe kana kwance-kwance. Samari sun samo mafita, suna barin igiyar a sake, harshen takalmin na reto. Amma da ka yi haka ka zubar da amfanin but ɗin, tunda ba abin da ke riƙe idon sawu kuma, sannan igiya mai lilo kusa da sarƙar babur ba abin wasa ba ce. Lokacinshi na gaskiya a wurinmu gajere ne: marka a watan Agusta, in lunguna suka cika da ruwa, sai kuma sanyin asuba na Disamba da Janairu a kan babur. Kuma in za a faɗi gaskiya, mafi yawan masu ruwan ƙwan da ke rataye a kasuwa kwaikwayo ne. Nauyin ka ɗauka, zafin ka sha, ruwan ma bai fasa shiga ba.

Na Dr. Martens, baƙi mai ɗinkin rawaya a gefe, ba zan ja magana a kanshi ba. Wani likitan sojan Jamus, Klaus Märtens, shi ya ƙirƙiro ƙasan mai taushi bayan ya ji ciwo a ƙafa a 1945, kamfanin Ingila kuma ya fito da samfurin da aka fi sani ranar 1 ga Afrilu, 1960. Huji takwas gare shi kowane gefe. Ka ninka takwas da yawan cirewarka a yini, ka ba kanka amsa.

Wani zai ce ai akwai shafa a kan huffi. Akwai, malamai kuma sun yi bayanin sharuɗɗanta. Amma ko ka cika su duka, takalmin da ka tako bakin kwata da shi ba zai hau kafet ɗin masallaci ba. Cirewar dai na nan.

Wanda ya warware mani wannan matsala shi ne Chelsea, mai roba a gefe biyu, marar igiya. Magoya bayan Arsenal su kwantar da hankalinsu, sunan unguwa ce a Landan, wadda ita ma ƙungiyar ƙwallon ara ta yi. Takalmin ya girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba. Mai ɗinka wa Sarauniya Victoria takalma, J. Sparkes-Hall, shi ya yi mashi rajista a 1851, bayan an gano yadda ake dafa roba ta riƙa miƙewa tana komawa. Samarin unguwar Chelsea na shekarun 1950 da 1960 suka mayar da shi yayi, sunan ya bi shi.

A tsaye nake cire shi. In taka diddigen ɗaya da ɗan'uwanshi, in zare ƙafa, shi ke nan. Wurin sawa kuma akwai ɗan kunne a baya da za ka ja da yatsa. Bayan wannan akwai amfanin da ban ga masu talla na ambata ba, don ba su san hunturu ba: tunda babu huji babu harshe, rairayi ba ya samun ƙofar shiga, ƙarangiya kuma ba ta da igiyar da za ta maƙale. In na dawo daga ƙauye, tsumma mai ɗan laima ya isa. Sannan shi kaɗai ne a cikinsu ke zama lafiya da kaftani. Wandon ya sauko ya rufe robar, mai kallo sai ya ɗauka sau-ciki ne kawai. Gwada sa mai ruwan ƙwai da shadda mai aiki a wuya ka je ɗaurin aure, abokan wasanka sun samu abin yi har Sallar baɗi.

Amma Chelsea iri biyu ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai siririn, mai tsinin baki da ƙasan fata mai santsi. Wannan na ofis ne da mota, ba na babur ba. Ka taka tayil mai ruwa a wurin alwala da shi, sai dai Allah Ya kiyaye. Akwai kuma mai faɗin baki da ƙasan roba, irin wanda manoma da makiyayan Ostireliya ke sawa, wanda kamfanin Blundstone na tsibirin Tasmania, da aka kafa tun 1870, ya yi suna da shi. Shi nake nufi. Ƙasanshi ba shi da zurfin haƙora sosai, don haka yana kama kwano da kyau in na hau jera faranti, ba ya kuma ɗauko tsakuwar da za ta karce wa mai gida rufi. Ruwan ƙasa za ka saya, kada ka sayi baƙi. Baƙi kafin ka kai bakin titi ya yi furfura da ƙura.

Laifinshi biyu. Na farko, robar gefen tana saki, zafinmu kuma na gaggauta mata tsufa. In ta saki, diddige ya fara fita yana komawa, tafiya ta zama ja. Wannan mai gyaran takalmi na iya canza ta, in ya samu mai kauri. Na biyu, tunda babu igiyar da za ka ƙara ko ka rage, dole ya zauna daidai a saman ƙafarka tun ranar saye. Mai tudun ƙafa zai sha wuyar zura ta, balle in ta jiƙe da ruwan alwala. Kada ka yarda da "zai buɗe, Alhaji" na mai shago. Fata na buɗewa ta faɗi kaɗan, amma ba ta ƙara tsawo.

Akwai masu zif a gefe, su ma suna fita da sauri. Sai dai ƙura na cushe haƙoran zif ɗin, in ya ɓalle kuma takalmin ya tashi aiki har sai an canza. Goga mashi kyandir lokaci-lokaci yana taimakawa.

Na biyu a wurina, kuma na ɗaya in ana maganar bazara, shi ne wanda ake kira takalmin hamada, irin na kamfanin Clarks. Gajere ne, iyakarshi idon sawu, huji biyu kacal kowane gefe. Danginshi su ne ake ce wa chukka, sunan da aka aro daga ƙwallon dawaki, wasan da Katsina ta sani tun zamanin Sarki Dikko. Labarinshi na burge ni don ya ratso ta inda kakanninmu suka taka. Nathan Clark, ɗan gidan masu kamfanin, soja ne a Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, Bamar nan dai da aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewa. Can ya ga hafsoshin da suka zo daga fagen Masar sanye da wani takalmi marar nauyi da dukawan kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira suka ɗinka masu. Ya zana shi ya kai gida, aka nuna shi a baje kolin Chicago a 1949, ya shiga kasuwa a 1950. Wato a cikin duk waɗanda na lissafa, shi ne wanda aka fara ɗinkawa a ƙasar rana da rairayi.

Ana jin haka a ƙafa. Fatar suwed ce, mai laushi da ɗan gashi-gashi, galibi babu shafi a ciki, iska na ratsawa. In ka sayi mai launin rairayi, ƙurar Katsina ta hau shi ta ɓace, don launinsu ɗaya. Igiyar kuwa ja ɗaya ta kwance. Malamin makaranta, ma'aikacin sakatariya, ɗalibin jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa mai yawo tsakanin aji da aji, ban ga abin da ya fi masu shi ba in sun nace sai but.

Matsalarshi ƙasan ne. Ɗanyen roba ne, mai taushi, tafiya da shi ba ƙara. Amma kwalta mai zafi na sa shi danƙo, ya kwashi datti ya yi baƙi, ba ya kuma komawa fari. Fetur da baƙin mai na lalata shi, don haka bakanike da mai yawan tsayawa wurin 'yan bumburutu su yi hattara. A kan tayil mai ruwa yana da santsi. Suwed ɗin ma ba ya shiri da damina, ba ya shiri da giyar babur, wadda ke bar mashi baƙin tabo a ƙafar hagu. Akwai masu irin siffar da aka yi wa ƙasan roba na yau da kullum, in ka samu wannan ka rage rabin damuwar. Kuma don Allah ka sa ido in ka miƙa wa yaro mai shushaina. Hannunshi ya saba, kafin ka waiga ya lafta mashi man takalmi, suwed kuwa in ya sha mai ya mutu. Busasshen buroshi kawai yake so.

Akwai kuma na zane mai kauri da ƙasan roba, irin na Palladium, kamfanin Faransa da ya faro da yin tayoyin jirgin sama kafin ya koma yi wa sojojin ƙasarshi takalman ƙasashen zafi a 1947. Ba nauyi, ana wanke shi da sabulu ya bushe. Amma igiya har wuya, mun koma gidan jiya.

Yanzu ina za ka saya. Yawancinmu gwanjo muke bi, ko a nan babbar kasuwa ko in an leƙa Ƙofar Wambai a Kano ranar da aka fasa dila. Gwanjo na da kaya masu kyau, fatar da sabo na kuɗi ɗaya ba zai kama ƙafarta ba. Haɗarin na ƙasan takalmin ne. Da yawa ana yin shi da wani irin soso mai suna foliyuretan, mai sauƙi da taushi. Wannan soson yana ruɓewa da kanshi, laimar iska na shiga ta karya shi a hankali, kuma ajiya ta fi sawa kashe shi. Takalmin da ya yi shekaru a akwati a Turai zai zo maka fes, ko tabo babu, alhali ƙasan ya gama mutuwa. Wani abokin aikina ya sayi irin wannan, ya ɓare shi ranar ɗaurin auren ƙanwarshi. Kafin a shafa fatiha ƙasan ya marmashe kamar ƙuli-ƙulin da aka daka, da silifas ɗin aro ya koma gida. Don haka ka lanƙwasa takalmin sosai a gaban mai shi, ka danna farce a gefen ƙasan. In ya tsage, ko ya yi gari, ko ya yi danƙo a hannu, aje mashi abinshi ko kyauta ya ba ka. Araha ba ta ado.

Ka duba kuma ko ɗinke ƙasan yake ko manne shi aka yi da gam. Na ɗinki in ya cinye, mai gyara zai cire ya sa wani, fatar ta ci gaba da aiki. Na gam, zafin kwalta da na salansa na sa shi ya buɗe baki. A kula, akwai ɗinkin ƙarya, zanen zare ne kawai aka zuba a jikin robar. Sa farce ka ji ko zaren na motsi.

Gwaji da yamma ake yi, bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da yawon yini, kuma da irin safar da za ka riƙa sawa. Lambar da ke jiki kada ta ruɗe ka, 42 na Turai kusan 8 ne na Ingila, kusan 9 na Amurka, gwanjo kuma duk a cakuɗe yake zuwa. Mu da muka tashi cikin fade da silifas yatsunmu a baje suke, ba su saba da matsi ba, shi ya sa nake cewa a nemi mai faɗin baki ko da bai kai siririn kyau ba.

Abin da ya fi kashe wa mutane sha'awar but a nan shi ne wari da cin ruwa, kuma ba laifin takalmin ba ne. Ka yi alwala, ka zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa, ka rufe ta cikin fata, ka maimaita haka da azahar da la'asar da magariba, me kake jira? Ina yawo da ɗan hankici a aljihu na goge tsakanin yatsu, da safa ta biyu a jakar kayan aiki. In da hali a samu takalmi biyu ana hutar da ɗaya. Wanda ruwa ya jiƙa a cusa mashi tsohuwar jarida a aje shi a inuwa, rana na busar da fata ta tsage. Da hunturu nakan shafa wa na fata ɗan man kaɗe, yana ƙara mashi duhu kaɗan amma ba ya barin shi ya bushe. In kuma kwana ya kama ka a ƙauye, kakkaɓe shi da safe kafin ka zura ƙafa, kunama na son wurin.

Sai maganar ƙofar masallacin kasuwa. But mai sheƙi na jan ido, kai kuma ba ka so rabin hankalinka na sahu rabi na waje. Tsohuwar dabarar nan ta raba ƙafa, ɗaya nan ɗaya can, har yanzu tana aiki. Wannan ma wani dalili ne na son ruwan ƙasa wanda ya ɗan sha ƙura.

Ɗan yayar tawa dai bai ji ba, ya sayi mai ruwan ƙwanshi, kuma ba laifi, ya yi mashi kyau da wandon jins. Da sanyi kullum yana ƙafarshi. Tun da zafi ya shigo kuwa da silifas nake ganinshi, ban ce mashi komai ba.

Abin da ke raina yanzu shi ne in sa a ɗinka mani Chelsea a nan gida. Fata ba mu rasa ba, ta jan akuyan Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna saye ta hannun fataken hamada suna kiranta fatar Maroko, majemun Kano kuma har yau suna fitar da ita waje. Na kai wa wani dattijon baduku da ke ɗinka wa mahaya kayan doki tsohon nawa, na ce, "Baba, za a iya fitar da irin wannan?" Ya juya shi, ya ja robar, ya leƙa ciki. Ya ce fatar akuya ta yi laushi ga mai hawa babur, sai dai fatar shanu a waje, ta akuyar a ciki. Ƙasa kuma zai yanko daga taya, wadda ya ce ni zan gaji in bar ta. Abin da zai ba shi aiki shi ne katakon da ake ɗora fata a kai a fitar da siffar ƙafa, don nashi duk na sau-ciki ne, ba mai wuya, sai ya sa an sassaƙa. Ya auna ƙafata a kan kwali da biro, hagu da dama, ya ce ta dama ta fi faɗi. Na tambaye shi yaushe zan zo in karɓa.

"Yaro, ka ga sirdin nan da linzaman can? Duk na hawan Salla ne. Ka dawo in an sauka, kuma ka taho da robar da kanka daga Kano, mai kauri, ba irin ta wando ba."